Kifin da Baba Ya Ƙi Karɓa

Na miƙa wa wani tsoho kwanon tuwon shinkafa. Ya buɗe, ya rufe, ya dube ni.

Washegarin Babbar Sallah ce a Argungu, tun muna Jihar Sakkwato. Mu matan unguwa muka kai wa masu kwana a tasha abinci. Ni na yi miyar kifi, ina ta ji da kaina.

Ya ce, "Ɗiyata, shekara duka kihi masunta ka ba ni. Yau ma kihi? Ragon naku tserewa ya yi?"

Kunya ta rufe ni. Na ruga gida na kwaso masa naman da na ajiye wa maigida.

Ranar maigida ne ya ci kifi, yana hararata.

Ku fa, wa za ku bari da kifin?