Toka da Lemon Tsami

Har yau in aka yanka lemon tsami kusa da ni, sai na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur, duk da cewa da wannan tumbin nawa sai an kira kafinta kafin a fito da ni. Da can wannan ƙamshin Kakata kawai yake tuna min.

Kaka, wato mahaifiyar Innata, tana da liyari, irin tsofaffin kuɗin azurfa masu faɗi da ake hudawa a rataya a wuya. Duk jajiberin Sallah sai ta baza tabarma a gindin darbejiya, ta kwaso toka mai sanyi daga murhu, ta matse lemon tsami a kai, ta yi ta murza su da babban yatsa. Ni ne mai riƙe ƙwaryar ɗauraya. In na miƙa hannu sai ta buge shi ta ce, "Kai mijin banza, ko ɗankunne ba ka saya min ba, za ka taɓa min dukiya?" Tana gamawa, in rana ta haska su, na rantse har kajin maƙwabta sai sun runtse ido.

Kuma liyarin nan ba ya kwana gida. Yau yana wuyan mai jego, gobe an aro shi wa 'yar da ta sauke Alƙur'ani. Hannun mutane ya shafe shi har hoton jikinsa ya kusa ɓacewa. A wajen Kaka, azurfar da ta yi duhu alama ce ta gidan da ba mai kula.

To, sai ga ni na girma, na tare a garin Sterling, can ƙasar waje, ciwon tara kuɗi ya kama ni. Ba kuɗin cefane ba, dala ta musamman da ake bugawa don masu tarawa, fuskarta kamar madubi, a rufe cikin roba, ko numfashi ba a so ya taɓa ta. Mu masu wannan larura hatimin ƙarfen da aka buga ta da shi muke bi. In wani ɗan harafi da bai kai ƙwayar gero ba ya fito dabam da na 'yan uwansa, sai farashi ya yi tsalle. Ina da guda ɗaya irin wannan, gefenta ya yi duhu-duhu na shekaru, wanda masu saye ke mutuwar so. Ba wanda ban ishe shi da labarinta ba a harabar masallaci. Har na ce ita za ta kai 'yata jami'a, ta dawo da ita, ta yi mata aure.

Sai Inna ta zo mana ziyara. Ana gobe Sallah na dawo daga aiki, tun daga gareji na ji ƙamshin lemon tsami. Na same ta a bayan gida, ta kwashi toka daga murhun gashin namana, ta ɓalle robar da wuƙa, 'yata na riƙe mata da kwanon ɗauraya. Dalar tana ta walƙiya, duk jikinta zane-zanen toka. Darajarta ta koma ta azurfar da ke jikinta kawai.

Ni ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa ɗaga ido na kalle ta sosai ba. Amma ranar, a gaban jikarta, na ɗaga murya na ce, "Inna, wa ya sa ki?"

Inna ta ajiye dalar. Ta wanke hannu ta shiga ɗaki. Da safe, bayan an sauko daga Idi, ta sa matata ta tambaye ni ko ana iya matso da ranar tikitinta na komawa gida.

Na je na durƙusa a ƙofar ɗakin, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohon ƙyaure. Kafin in buɗe baki, ta kwance bakin zanenta ta ajiye wani abu a gabana. Liyarin Kaka ne, na ƙarshe da ya rage, ta goge shi tas.

"Baban yara, ban san tsadarsa a nan ba," in ji ta, tana kallon bango. "A sayar a rage asara."

Na koma na kwaso sauran dalolin nawa kaf, na haɗo da lemon tsami, na zube mata. Ta daɗe tana dubansu, sannan ta ce tokar tawa ba ta da laushi, a nemo rariya. Ba a sake maganar tikiti ba.

Yanzu nan yara suna tashi suna ganin abu mai daraja a bayan gilashi, an rubuta kar a taɓa. Liyarin yana wuyan 'yata, jiya ma wata maƙwabciya daga garin Manassas da ke kusa da mu ta aiko a ara mata. A masallaci kuwa, in aka ce, "Alhaji, ina labarin dalar jami'a?" sai in duƙa in fara neman takalmina.