Mai Ƙofar Dam a Peckham

A asibitin da yake aiki a unguwar Camberwell ta Landan, Obadiah mai tura gado ne. Ya ɗauko majinyaci daga wannan ɗaki ya kai shi wancan, ya jira lif, ya dawo da gadon babu kowa. Ba wanda ke neman ra'ayinsa a kan komai. Amma can gida, a wani ƙauye da ke kan tsaunukan Filato bayan Bokkos, akwai dam ɗin da ba a buɗe ƙofarsa sai ya ce a buɗe.

Aikin ƙofar nan gadon gidansu ne. Mahaifinsa ne ya fara riƙe sitiyarin ƙarfen da ke ɗaga ƙofar ruwan, tun da aka datse kwarin don noman rani, shi kuma ya karɓa yana saurayi. Garin sanyi ne, irin sanyin da ke sa a kwana da manja kusa da murhu don kada ya daskare, raɓa ta wayi gari a kan ganyen dankalin Turawa fara fat kamar an barbaɗa gishiri. Aikin mai ƙofa shi ne ya raba ruwan damina ɗaya ya kai mutane har wata daminar. Obadiah kan ce sanyi ne ke gaya masa. In ya sauko da wuri kuma da cizo, rani zai yi tsawo, sai a riƙe hannu. In ya zo da sauƙi, a saki.

Da zai taho Landan ya bar sitiyarin a hannun Ephraim, ɗan ƙanensa, wanda yanzu magidanci ne har da furfura. Sitiyarin kawai ya bari, izinin kuwa ya taho da shi. Duk rani, da safe yana tsaye yana jiran bas a Peckham, waya za ta yi ƙara. Ephraim zai gaishe shi, ya faɗi inda ruwa ya tsaya a jikin bango, ya faɗi yadda iska take, sannan ya yi shiru. Obadiah na son wannan shirun. Yakan ja shi kaɗan, wani lokacin har ya bar bas ɗaya ta wuce, kafin ya ce a buɗe wa manoman gangare, ko a bari sai jibi.

Matarsa Margaret, wadda ke kitso a wani shago a Rye Lane, ta sha ce masa ya sakar wa Ephraim aikin gaba ɗaya. Amsarsa ba ta canzawa: Ephraim bai san sanyi ba. 'Yarsu Gift, haifaffiyar Landan, takan yi dariya ta ce da Turanci babanta ne kaɗai mutumin da ke mulkin dam daga tashar bas.

Zargi ya shige shi ne bara. Suna cikin waya ya ji wani shuuu a bayan muryar Ephraim, irin ƙarar da ruwa ke yi in ya cika kwata, alhali shekaranjiyar ranar ya ce a rufe. Ephraim ya ce iska ce. Obadiah ya ce to. Amma daga ranar ya fara tuno abubuwa. Me ya sa mutumin nan bai taɓa yi masa musu ba? A ganinsa, wanda ke bin umarni da gaske yakan yi gunaguni ko sau ɗaya. Sannan akwai ranar da Ephraim ya ce sanyin yanzu ba irin na da ba ne, yana makara, zafi kuma yana riga lokacinsa. A lokacin ya ɗauki maganar a matsayin hira. Yanzu ya ji ta kamar an ce masa: abin da ka sani ya tsufa. A lokacin hutun aiki sai ya zauna a lungu yana buɗa hotunan da 'yan gari ke turowa, yana neman jiƙaƙƙiyar ƙasa a ranakun da ya hana ruwa.

Bana, da dankali ya fara fure, lokacin da ya fi bukatar ruwa, Obadiah ya ce kada a buɗe. Washegari ma haka. Ya ce sanyi ne ya gaya masa. Margaret ta tambaye shi wane sanyin, na Filato ko na Peckham da ke shigo musu ta tagar gida. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne yana son ya gani ne. In gonaki sun ci gaba da yin kore, to gaisuwa kawai ake yi masa duk shekarun nan. In kuwa ba su yi ba, wannan ɓangaren ba ya barin tunaninsa ya ƙarasa shi.

Ephraim ya fara roƙo.

"Baba, ganye ya fara kwanciya. Ga ruwa nan har wuyan bango."

"In ka matsu, ai sitiyarin na hannunka."

"Ni ban taɓa yin haka ba, Baba."

Obadiah ya ji amsar ta fito da sauri, kamar an shirya ta. Da faston ƙauyen ya kira yana ba da baki, sai ya ce a ransa ashe har da shi aka haɗa baki. Abinci ya daina shigar masa. Margaret ta riƙa kwashe tuwon acha kusan yadda ta kawo shi.

Wata Lahadi bayan sujada, wata 'yar cocinsu da ta dawo daga gida ta zauna kusa da su tana ba da labari. Ta ce gonakin gangare sun ƙone ƙurmus. Mutane kan hau bangon dam su tsaya suna kallon ruwa cike, ga amfaninsu na mutuwa a ƙasa. Wasu samari sun zo da niyyar juya sitiyarin da ƙarfi, Ephraim ya tsaya a gabansa ya ce sai dai su fara da shi, Baba bai ce ba. Tana faɗa tana kallon Obadiah ta gefen ido.

Nan take Obadiah ya fita bakin titi ya kira Ephraim ya ce a buɗe, a buɗe duka. Ya dawo yana girgiza kai, yana cewa ba a yi masa bayani yadda ya kamata ba, ai da ya san abin ya kai haka.

Da suka koma gida ya cinye tuwonsa tas, ya nemi ƙari. Yana wanke hannu yana rera waƙar coci a hankali. Margaret na tsaye a ƙofar kicin tana kallon ƙeyarsa. Ta san muryar mijinta in yana nadama. Wannan ba ita ba ce.

Da safe, bayan ya tafi aiki, ta kira Ephraim tana tafe a Rye Lane, masu kifi da masu doya suna fito da kaya.

"Daga yau in gona na son ruwa, ka buɗe."

"Mama, Baba fa?"

"Ka ci gaba da kiransa. Ka gaishe shi, ka gaya masa yadda ruwa yake, ka saurari abin da zai ce. Amma ka buɗe tukuna."

Ya ce to, Mama, da saurin da bai yi mata daɗi ba. Tana ɗaga ƙofar shago ta tuna ba ta tambayi 'yar cocin nan ba, ko gonar Ephraim na cikin waɗanda suka bushe.