Ƙafar Malam Sada

Malam Sada manomin rake ne a Gubuchi, kuma tun yana saurayi ake neman mazarƙwailarsa a kasuwar Makarfi. Yana da shekara hamsin da biyar ciwon suga ya kama shi. Bai yi gardama ba. Duk farkon wata yakan hau babur ya je asibiti a auna jininsa, a ba shi ƙwayoyi, ya dawo gona. Shekara bakwai bai taɓa fashi ba.

Sai korona ta zo. Rediyo ta ce masu ciwon suga ta fi kayarwa. 'Yan majalisar hira kuma suka ƙara gishiri, wai duk wanda aka auna goshinsa aka ji zafi killace shi ake yi, in ya cika ba a ba dangi gawa. Wannan ce ta tsaya wa Sada a rai. Shi da ya wanke mahaifinsa da hannunsa, a ce baƙi ne za su rufe shi cikin leda? Daga ranar ya daina zuwa asibiti.

Aka buɗe kasuwa, aka koma Juma'a, mutane har sun manta inda suka jefar da takunkuminsu. Sada dai yana kan bakansa, daga gida sai gona. Da magani ya ƙare, sai ya koma jiƙa shuwaka.

A saran rake na biyu bayan nan, kututture ya soke shi a tafin ƙafa. Bai ma ji ba, matarsa Hassana ce ta ga jini a takalminsa. Sati uku ciwon yana ruwa, babban yatsa ya yi baƙi.

"Malam, don girman Allah mu je a duba," in ji Hassana. "Cutar nan fa an daina maganarta."

"Daina magana ba tafiya ba ce. Jikina da zafi, ina isa ƙofa za su ɗora min abin nan a goshi. Ƙafa ai za ta warke."

Kai, taurin kan mai hankali ya fi na wawa wuyar sha'ani, don shi da hujjarsa yake zuwa. Tsoro ya cika Hassana. Da wari ya kai tsakar gida, ta aika aka kira ƙanensa Ɗayyabu, suka sa shi a mota sai Zariya, yana rawar sanyi, ba ƙarfin musu.

A ƙofar asibitin babu mai auna goshin kowa. Ko mai gadi bai sa takunkumi ba. Likita ya kwance tsumman da aka naɗe ƙafar da shi, ya tambayi yaushe rabonsa da gwaji. Ɗayyabu ya ce wata goma sha tara. Washegari aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Yanzu Ɗayyabu ke noma gonar, Sada kuma yana wuni a zaure kan tabarma. Har yau korona ba ta taɓa kama shi ba, kuma yana faɗa wa duk wanda ya zo gaishe shi. Hassana in ta jiyo daga ciki, sai ta tashi ta shige ɗaki.