Yatsan Talatu

Cikin ranakun da na yi a aikin kula da naƙasassu, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da na ɗauki Talatu a adaidaita muka tafi Sharada. Sababbin ma'aikata suna yawan tambayata dalilin da ya sa ake tsayar da shaidu biyu a wasu gidaje, shi ya sa na ce a zauna in faɗa a rubuta. Ni ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba sai don yin alama. Sunana Zainabu, a wurin aiki Iya Abu ake ce mini.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda wanda bai sani ba. Idan inji ya naƙasa ma'aikaci a masana'anta, wasu kamfanonin sukan ba ofishinmu kwangilar kula da shi a gida. Maza su je wa maza, mu mata mu je wa mata. Wanka, sa tufafi, ba da abinci, kai mutum bayi, wankin kai da kitso. Kowane gida yana da takardarsa ta wata, an ja mata layuka. Na haddace gurbin kowane aiki, in na yi sai in sa alama. Ƙarshen wata wanda aka yi wa hidima ya dangwala babban yatsansa a ƙasa, mai kula ta dangwala nata a gefe, sufabaiza ya sa hannu, a kai wa akawun masana'anta ya biya. Dokar dangwale ba a banza aka kafa ta ba. An taɓa kama masu cika takarda suna kwance a ɗakinsu, mara lafiya yana can ba wanda ya leƙa shi. Takardar da ba yatsa ba a biyanta, kuma in aka jera wata biyu ba takarda, masana'anta ta ɗauka mutum ya daina buƙata, a rufe fayil ɗinsa.

Bayan babbar sallah aka mayar da ni gidan Talatu a wajen Challawa, saboda mai kula da ita ta yi aure ta bar aiki. Talatu 'yar Jigawa ce, bazawara, tana zaune da tsohuwar uwarta da ido ya yi wa rauni. A wata masana'antar robobi a Sharada take aiki, tana zuba tsofaffin robobi a injin markaɗe. Injin ya ja hannun rigarta, ta kai ɗaya hannun don ta ƙwace, ya haɗa duka biyun. Na dama daga gwiwar hannu aka yanke, na hagu daga wuyan hannu. Tun da aka sallamo ta daga asibiti ba ta taka ƙofar gida ba. Ko da almuru maƙwabciya ta yi sallama, sai ta ce in saka mata hijabi.

Amma bakinta lafiya lau. In ina cuɗa mata baya sai ta ce wai ni ba wanka nake mata ba, jima nake, ko a majemar Challawa na koyi aiki. Ni kuma in ce mata fatar da ta ƙi laushi ai sai da ƙarfi. Haka muka saba.

Da wata ya ƙare na kai takarda ofis, gurbin Talatu ba komai. Sufabaizanmu Malam Nasiru, yaro ne mai ladabi, sa'an ɗana na biyu, ya duba ya ce na manta dangwale. Na ce ban manta ba, matar ba ta da abin dangwalawa. Ya turo mini 'yar gwangwanin tawada, ya rage murya.

"Iya, ku sa yatsanku na hagu a gurbinta. Wadda ta riƙe ta kafin ku haka take yi. Ba wanda yake dubawa."

Na ce masa ni ban da sa hannu, ban da hatimi, wannan yatsan shi ne sunana. Da shi na karɓi gadon mijina, da shi nake zaɓe. Ba zan sa shi a inda aka ce Talatu ce ba. Ya ce ai ba ƙarya ba ce tunda na yi aikin. Na ce aikin gaskiya ne, yatsan ne ƙarya, kuma ranar da aka gane, ba ni kaɗai za a kora ba, cewa za a yi duk hidimar Talatu ta bogi ce. Ya ce to shi ba zai kai takarda ba yatsa ba, in na ga dama in yi ta aiki kyauta. Na ce na ji.

Na ci gaba da zuwa. Wata na biyu ya kusa ƙarewa, Malam Nasiru ya aiko cewa in ba a kawo yatsa ba za a rufe fayil. Dole na gaya wa Talatu. Da farko roƙona ta yi. Ta ce in dubi uwarta, in aka cire ni wa zai kai ita Talatun bayi? Ta ce taurin kaina a kanta zai ƙare, ni ina da hannuna. Maganar ta soke ni, don gaskiya ta faɗa, amma ban sauka ba.

Ina cikin taje mata kai sai ta tambaye ni, to duk watannin baya wa yake dangwalawa? Na gaya mata. Ba ta taɓa sani ba, ita dai ana zuwa ana tafiya.

"Wato a takardar kamfani ina da yatsa?"

Na ce haka takarda ta nuna.

"Iya Abu, gobe ki sa mini atamfata mai ruwan goro. Ki nemo adaidaita."

Ban ce mata ta je ba, ban kuma hana ta ba. Doka ta hana mu fita da wanda muke kula da shi sai da izinin ofis. Na sani sarai, ban nemi izinin ba, don na san amsar da za a ba ni.

Da hantsi muka isa Sharada. Maigadin get ya gane ta, ya buɗe mana. Ƙarar injin tana tashi daga bayan gini, amma Talatu ba ta tsaya ba. Muka shiga ofishin akawu, wani Malam Sunusi. Na ajiye takardun wata biyu na yi masa bayani. Bai ko ɗago sosai ba, ya ce shi da doka yake aiki, ba yatsa ba biya, mu koma ofishinmu.

Talatu ta ce in ɗage mata hijabi. Na ɗage. Ta ɗora dungulmin hannayenta biyu a kan teburinsa, kan takardun.

"Malam, zaɓi wanda zan dangwala da shi. In kuma yatsan kake so, yana bayan ginin nan, a aika a ɗauko."

Malam Sunusi ya yi salati a hankali, ya miƙe tsaye. Ya buɗe fayil ya ga yatsun watannin baya, ya dube ta, ya rufe. Ya fita ya dawo da manajan ma'aikata. Manaja ya so a yi maganar a wani ɗaki, Talatu ta ce nan ma ya isa, kuma ba ta sauke hannunta daga teburin ba har aka gama. Aka tsayar cewa duk wanda ba shi da yatsan dangwale, mutum biyu na unguwarsa su shaida a ƙarshen wata. A gidan Talatu mai unguwa ne da matar liman. Ba a rufe fayil ba.

Ofishinmu kuwa bai ji daɗi ba, don an tono yatsun baya an yi musu faɗa. Bayan kwana kaɗan Malam Nasiru ya kira ni, ya ce an ba ni takardar gargaɗi. Na ce ya karanta mini duka, kada ya tsallake komai. Ya karanta: na fita da mara lafiya ba izini, na je wurin masana'anta na tsallake shugabannina. Na tambaye shi ko akwai ƙari, ya ce babu. Na ce wannan kam ni na yi, miƙo tawadar. Na dangwala da na dama, na danna sosai yadda zai fito.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, za a ce muku takarda ce kawai, a cika a wuce. Mutanen da muke yi wa wanka ba sa zuwa ofis, takardar nan ita ce take zuwa a madadinsu, abin da ta faɗa shi ake ɗauka su ne. Ofis ba mugaye ba ne, sauri suke, kuma mai sauri zai miƙo miki tawada yana murmushi. Kafin ki dangwala, ki sa a karanta miki, ki tabbata gurbinki ne. Har yau ina zuwa gidan Talatu. Ranar kasuwa ita take tsayar mana da adaidaita, da baki.