Tukunyar da Ta Yi Damina Biyu

Ranar kasuwar da ta wuce na shiga kasuwar Dutsin-Ma neman daddawa da kanwa, sai wani ƙamshi ya tare ni a can ƙarshen rumfuna. Wani tsoho ne ya shimfiɗa buhu ya jera kitsattsen ganyen taba, baƙi wuluk, irin wanda ya daɗe a ajiye. Na tsaya cak kamar wadda aka kira da sunan yarinta. Jikata tana ta jan gefen mayafina tana cewa, "Hajiya, lafiya? Mai Keke fa yana jira." Na ce mata mu je. Amma tun ranar ban samu natsuwa ba. In na ɗora tukunya sai in manta da ita, in na ɗauki carbi sai in tarar zuciyata ta koma wani zaure a gefen Kurfi.

Kada ka ɗauka yabon taba na zo yi. Ba a shan ta a gidana, kuma 'ya'yana sun san ranar da na ji warinta a rigar ɗayansu, ranar za mu ɓata. Na ji abin da malamai suka ce a kanta, na karanta na likitoci tun ina makaranta, kuma na ga tarin da ya yi ajalin kakana. Sai dai ƙamshin nan ba shawarata ya nema ba kafin ya dawo mani da mutanen da na rasa.

An kai ni riƙo wurin kakannina na wajen uwa tun bayan yaye, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Kakana manomi ne, gajere, mai faɗa da saurin hucewa, mai gaggawa a komai. Tuwo ba ya barin shi ya sha iska, sai ya ƙona baki yana mita. Kakata takan ce shi kullum kamar kaza yake mai neman wurin ƙwai. Abu ɗaya na sani da ya iya yi wa haƙuri a duniya, shi ne taba.

Da ruwa ya ɗauke yakan yafa irinta a fangali a fadamar da ke ƙasan gonarsa, iri ƙanana kamar gari. Sai ban ruwa da jigo safe da yamma, sai dashe. In ta yi fure matan unguwa su yi ta zarya suna roƙon furen don jan haƙori, yana korar su yana ba su. In ganye ya ƙosa sai ya tsinke, ya jera a igiyar rama, ya rataye a inuwar rumfa, don ya ce rana tana sace mata rai. Bayan ya bushe sai ya tara shi wuri ɗaya, ya yayyafa ruwa kaɗan, ya danne da tsohuwar tabarma har ya yi gumi ya canza launi, sannan ya zauna ya kitsa shi kamar yadda ake yi mani kitso. Duk da wannan wahala, bai yarda an gama ba. Yakan ce wannan ɗanya ce, in ka sha za ta yage maka maƙogwaro ta bar ka da jiri. Sai ya zaɓi mafi kyau ya danna a wata babbar tukunya, ya kifa kasko, ya liƙe bakin da laka da kashin shanu, ya ɗora ta a kan duwatsu a kusurwar zaure don kada danshin ƙasa ya same ta. Nan za ta kwanta damina guda cur. Wanda ya jingina da ita ma sai ya sha faɗa.

Kuma ba shi yake fasa ta ba. Yana da aboki, wani dogon Bafulatani mai ƙarancin magana, wanda kowace shekara bayan an kwashe amfanin gona yake biyo hanyar Barkiya da shanunsa ya sauka a gonar kakana. Shanu su ci kara da harawa, su bar wa gona taki. Haka iyayensu ma suka yi. In shanu suka kwana suka natsu, sai ya zo zaure, a fito da tukunya, ya sa gindin sandarsa ya ƙwanƙwasa lakar har ta tsage. Lofen farko nasa ne. Ƙamshin da ke tashi a wannan lokaci ba irin na sigarin yanzu ba ne, wani abu ne tsakanin dabino da ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Su zauna suna busawa suna tsokanar juna. Kakana ya ce, "Agwai, bana ma kun gama yawon banzan?" Shi kuma ya ce, "Kaɗo, kai dai kana nan inda na bar ka kamar turmi."

A shekarar da nake ba ka labari, shanun sun iso da la'asar, yaran da ke kora su sun gaji, kuma shingen fadamar ya tsufa. Kafin a ankara garken ya ji ƙamshin ruwa ya fasa shinge. Ba su ci tabar ba, shanu ba sa cin ta, amma sun tattake fangalin kaf, 'yan tsiron nan da kakana yake lallaɓawa kamar jarirai suka koma taɓo. Ina wurin da tuluna lokacin da kakana ya iso a guje. Abokinsa yana tsaye ya dafa sanda, yana shirin ba da haƙuri, 'ya'yansa da matansu suna bayansa. Kakana bai jira ba.

"Ku ina kuka san darajar shuka," in ji shi, "ku da ba ku da gari? Baƙo dai baƙo ne, ko ya shekara nawa."

Tsohon ya dube shi, ya dubi 'ya'yansa, ya ce, "To." Ya juya ya koma wajen shanunsa. Washegari da muka fito, babu komai a gonar sai toka mai ɗumi da sawun kofato sun nufi kudu. Tukunya tana zaure da lakarta.

Fushin kakana bai kai hantsi ba. Ya bi sawun har rana ta yi tsaka, ya dawo ƙafa duk ƙaya. Daga ranar gidanmu ya rasa sukuni. Ya sake yafa iri a makare, ya samu ɗan abin da ya samu, ya koma shan ɗanyar, tana shaƙe shi yana tari har hawaye, ga tukunya cike da mai kyau a bayansa. Kakata ta ce, "Malam, ka fasa abinka mana, kai ka shuka, kai ka kitsa." Ya ce ba tasa ba ce shi kaɗai. Duk ranar kasuwa sai ya yi sammako ya taka har Dutsin-Ma, ya shiga kara wurin masu shanu yana tambaya. Wani ya ce an gan su wajen kogi, wani ya ce sun yi nisa. Matan Fulani masu tallan nono kuwa sun shiga uku da shi. Ko ba ya son nono sai ya tsayar da su, su sauke ƙwarya, ya ce, "In kun ji labarinshi, ku ce mashi tukunya na nan." Har ya zama in sun hango shi suna dariya suna cewa, "Baffa, mun ji, tukunya na nan."

Da bazara ta yi, hadari ya fara haɗowa daga gabas, sai damuwar ta canza kama. Ni ma a lokacin na san ƙa'idar, don na sha ji a bakinsa: liƙi ɗaya damina ɗaya yake ɗauka. In taba za ta ƙara kwana, dole a fasa, a fito da ita ta sha hantsi, a juya, a sake liƙewa da sabuwar laka. In ba haka ba danshi zai ratsa ta yi funfuna. Shi da ya koya wa rabin ƙauyen wannan, shi ne ya ƙi yi. Maimakon ya fasa sai ya kwaɓa laka ya ƙara shafa wa ta waje, har tukunyar ta koma kamar ɗan rumbu. Da zaure ya fara yoyo ya kinkime ta zuwa ɗakinsa. Bangon ɗakin ya jiƙe, ya mayar da ita kusa da madafa don ta ji ɗumi. Kakata ta yi tuntuɓe da ita, ya sake dawo da ita zaure ya rufa mata buzunsa na salla, har limamin unguwa ya yi masa magana, ya cire ya sa tabarma. Wani lokaci in same shi ya durƙusa ya kara hanci a jikin lakar. In ya gan ni sai ya wayance, ya ce, "Amaryata, zo ki shinshina mani, hancin tsoho ya mutu." In shinshina in ce ni laka nake ji. Ya ce, "Madalla, laka ce," amma fuskarsa ba ta yarda ba.

Ni kuwa tsoro nake ji, ba na tabar ba. Na ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kakata ta koya mani cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa ba, sai na rasa wa zan yi wa addu'a a cikinsu, wanda ya yi maganar ko wanda ya tafi. Sai nake haɗa su duka biyun, har da shanun.

Aka yanke gero, aka yanke dawa. Garkuna suka fara wucewa. Bayan gidanmu akwai wani faffaɗan dutse da ake shanya a kai, daga samansa ana hango hanyar Barkiya. Nan kakana ya tare. Ya hau, ya sauko, ya shiga gida ya sha ruwa a tsaye, ya koma. Wasu Fulanin suka nemi su sauka a gonarsa ya hana, maƙwabta suna ce masa ƙasa za ta mutu in ta ƙara shekara babu taki. Gonakin kowa suka cika da shanu, tamu kaɗai karanta yana tsaye yana kaɗawa.

Sai da kowa ya fid da rai, wata safiya ina shara na ji ya diro daga dutsen. Ya wuce ni babu takalmi, babu hula. Na yar da tsintsiya na bi shi. Garken yana tsaye a bakin gona, bai shiga ba. Dogon tsohon yana gaba, ya rame shi ma, ya gitta sanda a kafaɗa. Suka tsaya suna kallon juna, kakana yana haki.

"Kaɗo," in ji shi, "an ce kana ta aike kamar mai neman aure. Mata sun hana ni shan fura da maganar tukunya."

"To ka tsaya nan yin me? Kara na bushewa."

Ran nan ba a jira shanu su kwana ba. Aka mirgino tukunya tsakar zaure. Sai da abokin ya buga sandar da ƙarfi saboda kaurin lakar, yana cewa wannan kabari ne ko ajiya. Da kaskon ya ɗaga, warin da ya fito ya sa na toshe hanci. Saman duk ya yi fari da kore, kitson ya ruɓe ya manne da juna. Kakana ya zura hannu yana fitarwa yana zubarwa. Tuli ya taru a gefe. Sai can tsakiya ya ci karo da guntun kitso ɗaya da danshi bai kai gare shi ba, bai fi tsawon yatsa ba, baƙi, yana ƙamshin nan.

"Kai da ka san taba," in ji abokin, "me ya hana ka fasa ka shanya?"

Kakana ya ce, "Ba ni da sanda."

A bayan ƙofar zauren nan akwai sanduna sun fi a ƙirga. Na ji kakata daga bayan zana ta yi wata 'yar dariya, sannan ta fyace hanci.

Abin da ya tsira bai isa lofe biyu ba. Kakana ya murje shi a tafin hannu ya cusa a lofensa, na kawo garwashi a kasko, ya miƙa wa baƙonsa. Ya ja, ya lumshe ido, ya miƙo masa. Haka suka yi ta miƙa wa juna. Da ya kusa ƙarewa kakana ya sunkuyar da kai ya ce, "Maganar nan da na yi maka bara..."

"Wace magana?" in ji shi. "Shanu sun tattake ta."

Duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu ya yafe masu, har da tabar. Fadamar ta bushe, babu mai shuka ta a can yanzu, kuma ban yi baƙin cikin wannan ba. Abin da ke hana ni zama shi ne wani daban. Kwanaki 'yar ƙanwata ta zo daga ƙauyen take ce mani yanzu in aka hango shanu sun doso gari, sai a ƙwala wa yara kira a sa sakata. Su ma masu shanun, in ji ta, ratsewa suke yi ta daji don tsoron abin da za su tarar. Na tambaye ta ko dutsen nan na bayan gida yana nan. Ta ce yana nan, har yanzu ana hawa a duba hanya. Ni dai na taɓa ganin mutum ya diro daga kansa ya sheƙa da gudu babu takalmi, kuma wajen shanun ya nufa.