Ashe Ba Sartifikana Ba Ne

A shekarar da na ci jarrabawar bak, ni mutum ne mai shiru-shiru, wanda in an tambaye shi hanya sai ya nuna da hannu don kada ya buɗe baki. A Madawa na yi lise, wato babbar sakandare, amma gidanmu yana wani ƙauye a ƙasar Karofane. Takarduna kullum suna cikin leda, ledar cikin wata leda, saboda gara da ruwan sama. Abu ɗaya ne ban taɓa iyawa ba, wato in ce wa mutum ban gane ba. Wannan hali ne ya kusa cinye mini jami'a, shi ya sa nake rubuto muku.

An ce mana ta intanet za mu rubuta sunanmu a jami'a, kuma akwai ranar da za a rufe. Wana ya ba ni wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, da ya zo da ita daga cirani, ta daɗe kwance a akwatinsa. Na goge ta da ƙyalle, na haɗa ta da rezon intanet na salulata, na yi bisimilla. Shafin ya ƙi buɗewa. Sai ga gargaɗi da Faransanci, wai sartifika ba mai inganci ba ne, kwanan wata kuma ba daidai ba. Nan take na ɗauka takardar haihuwata ake nufi. Kamar yawancin ƴaƴan ƙauyenmu, sai da zan shiga lakwal, makarantar boko, aka yi mini takardar haihuwa a gaban alƙali, aka rubuta ɗaya ga Janairu, ranar da ake ba duk wanda ba a san ranarsa ba. Na kuma sha jin ƙishin-ƙishin cewa Baba ya ɗan rage mini shekaru don a karɓe ni. Sai na ce shi ke nan, na'urar gwamnati ta gano mu. Na gwada shafin labarai don in huce, shi ma ya ba ni amsa iri ɗaya. Na gwada na ƙwallo, haka. A nan na tabbata maganar ta zaga duniya.

Ban gaya wa ko abokin ɗakina ba. Na hau mota zuwa Buza, na ɗauki kabu-kabu zuwa ƙauye, na iske Baba a gona ana tsakiyar maimai. Na daɗe tsaye ina cire ciyawa da yatsa kafin na iya tambayarsa yaushe aka haife ni. Ya jingina hauyarsa, ya dube ni, ya ce ko karatun ne ya fara taɓa ni. Da na yi masa bayani sai ya ce ai dama ya san ranar nan za ta zo. A gida aka taru. Baba ya ce bayan girbin hatsi ne. Inna ta ce ita ta haifa, kuma tana sane da ana azumi. Baffana ya rantse shekarar da jar saniyarsa ta haihu ce, gwaggo ta tuna masa cewa saniyar nan ta haihu ya fi a ƙirga. Kafin a watse, an haife ni a damina, an haife ni a rani, Baba da Inna kuma sun daina magana da juna.

Washegari na tafi meri, ofishin magajin gari. Kunya ta hana ni faɗin abin da ya faru, sai kawai na miƙa takardar na tambaya ko ta lalace. Ma'aikacin ya juya ta gaba da baya, ya ce takardar haihuwa ba albasa ba ce da za ta ruɓe, in ba ni da wata damuwa in ba na baya wuri. Na fito ina godiya, ba tare da na ƙaru da komai ba, ranar rufewa kuwa ta matso har ana jin numfashinta.

Kakata ce ta ce a kawo mata abin nan da ke ƙaryata ɗanta ta gan shi. Da rana tsaka na buɗe ordinatar a gindin bedi, mutanen gida sun kewaye ni. Ta ce, maigidana, tunda matarka ta boko ta san komai, tambaye ta ko azahar ta yi. Na duba ƙasan gilashin don in ba ta amsa. Agogon ya nuna sha biyun dare, ɗaya ga Janairu, a wata shekara tun kafin Baba ya auri Inna. Da na karanta mata, ta yi dariya har tana tari, ta ce ashe ita ma a gaban alƙali aka yi mata takarda, kuma wadda ba ta san rana da dare ba ce za ta kama wa jikanta shekaru.

Na gyara kwanan wata da agogo. Na hau tudun bayan gari inda rezo ke kamawa, shafin ya buɗe kamar bai taɓa sanina ba, na rubuta sunana ana gobe za a rufe. Daga baya na karanta na gane cewa sartifikan da ake nufi na shafin ne, shaidarsa ce da ke nuna shi ne na gaskiya, tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Ordinata tana auna su da agogonta, shi kuwa ya koma baya don ɗan ƙaramin pil ɗin, wato batirin da ke riƙe shi, ya mutu.

Ga ƴan'uwana ɗalibai, in kun ga irin wannan gargaɗi, ku fara duba kwanan watan na'urarku. In daidai yake, kada ku danna wurin da aka ce ku wuce duk da haka, balle ku zuba bayananku, ku nemi wanda ya sani ku tambaya. Tambaya ɗaya ga abokin ɗakina da ta wadatar. Na ƙi yin ta don kada mutum ɗaya ya yi mini dariya, yanzu ƙauye guda Janairu suke kirana, Baba kuma har yau bai yafe mini ba da na sa ya amsa laifin da ba wanda ya tuhume shi da shi.