Nandasili Kodikara, Wadda Aka Ce Ta Hana Matattu Lada

A ranar 9 ga watan Yuni na shekarar 2012, shugaban kwamitin Gidan Tsofaffi na Manelwila ya umarci shugabar ma'aikatan gidan da ta fito da masu ciwon suga daga ɗakin jinya, ta jera su a kan benci su ci sadakar marigayiya mahaifiyarsa. Ta ce ba za ta fito da su ba. Littafin da kwamitin ya buga a bikin cikar gidan shekara hamsin bai ambaci wannan rana ba, bai kuma ambaci sunan matar ba. Ga tarihinta tun daga farko.

Haihuwa da karatu

An haifi Nandasili Kodikara a shekarar 1957 a garin Akuressa da ke kudancin Sri Lanka. Mahaifinta, Jinoris Kodikara, sana'arsa feren ɓawon itacen girfa a gonakin mutane. Mahaifiyarta, Podihami, tana toya wainar shinkafa a bakin tashar mota. Ita ce ta uku a cikin 'ya'ya biyar, kuma ita kaɗai ce ta kammala sakandare, a shekarar 1974. Burinta shi ne makarantar koyon aikin jinya, amma mahaifinta ya kwanta ciwo a wannan shekarar, hidimar gida ta dawo kanta, maganar karatu kuwa ba a sake tayar da ita ba.

Aikin asibiti, aure da 'ya'ya

A shekarar 1977 aka ɗauke ta a matsayin ƙaramar ma'aikaciya a ɗakin masu miki na wani asibitin lardi. Aikinta wanke rauni, sauya zanen gado da kwashe bandejin da aka cire. A nan ta san kamannin ƙafar mai ciwon suga tun daga ranar da yatsa ya fara baƙi har zuwa ranar da likita zai ce a shirya ɗakin tiyata.

Ta auri Dayaratna Wikramage, kwandastan bas, a shekarar 1982, suka sami 'ya'ya uku. A lokacin tarzomar da ta ɓarke a ƙasar a 1989, da zirga-zirgar motoci ta zama kasada, ya fita aiki wata safiya bai dawo ba, ba a kuma sami gawarsa ba. Autarta tana goye a lokacin. Ta ci gaba da aikin asibiti har shekarar 1993, sa'ad da ƙungiyar 'yan kasuwar garin Manelwila ta neme ta ta riƙe ma'aikatan gidan tsofaffin da ƙungiyar ta gina. Ta karɓa ne domin an haɗa mata da ɗakin kwana ita da yaranta.

Gidan Manelwila

Gidan yana ɗauke da tsofaffi kusan arba'in, mafi yawansu waɗanda 'ya'yansu suka tafi aiki ƙasashen waje ko suka riga su mutuwa. Ba shi da kuɗin abinci na kansa. Kamar sauran ire-irensa, da sadakar mamata yake rayuwa: iyalin da aka yi wa rasuwa su kawo abinci ranar bakwai, su kawo bayan wata uku, su kuma riƙa kawowa duk shekara, har ya zama da wuya a sami ranar da ba ta da mai ita. Za a yi wa tsofaffi wanka, a sa musu fararen kaya, a jera su a kan benci su jira masu sadaka, wani lokaci har rana ta karkata. Idan sun ci, sai su ɗaga hannu su miƙa ladan ga mamacin.

Babu mai son mamacinsa ya sami ƙaramin lada, kuma babu mai son maƙwabta su ce ya yi wa ubansa rowa. Saboda haka abincin biki ake kawowa kullum: shinkafa da madarar kwakwa, soyayyar waina mai zaƙi da ɗigar mai da ake kira kawum, kindirmon ɓauna da aka malale da zumar kwakwa, biskit, lemon kwalba, daga baya kuma askirim. Abin da mai lafiya yake ci a sabuwar shekara, shi tsofaffin Manelwila suke ci safe da rana. Shekara goma sha uku Nandasili ta yi tana zuba wannan abinci da hannunta, tana kuma raka tsofaffi asibiti ɗaya bayan ɗaya.

Horo

A shekarar 2006 ofishin kula da tsofaffi na lardi ya sharɗanta wa kowane gida mai rajista ya tura ma'aikaci guda horon wata shida. Kwamiti ya tura Nandasili ne domin kada a soke rajistar gidan. Tana da shekara arba'in da tara, ta girme wa malamar da ke koyar da su. A darasin abinci aka haɗa mata abu biyu da ta daɗe da sani a rarrabe, wato farantin benci da ƙafar ɗakin tiyata. Ta dawo da takardar shaida da kuma ma'aunin suga, ta gwada kowa, ta tarar fiye da sulusin gidan suna da ciwon.

Ta koya wa 'yan matan da ke ƙarƙashinta abin da ta koyo, ta yi ta tura su horon ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda takardarta ta fito, ba ta cika shekara ba sai ta sami aikin jinyar tsofaffi a Kuwait ko Saifurus ko Isra'ila, a kan albashin da kwamiti ba zai iya ko kwatantawa ba. Nandasili ba ta taɓa hana kowa tafiya ba. Takan raka yarinya tasha, ta dawo ta ɗauki sabuwa daga ƙauye, ta sake farawa daga yadda ake juya mai kwance.

Shekarun roƙo

Daga 2007 ta shiga bin masu sadaka gida gida tana roƙonsu su kawo jar shinkafa, kifi, miyar wake da kwaɗon ganye, ko su sayi sabulu da magani da kuɗin kayan zaƙin. Kaɗan ne suka yarda. Wata matar mai shagon yadi ta ce mata, "Haba Sista, ubana ne fa. Yana da rai bai ci ganye ba, sai da ya mutu zan aika masa da abincin akuya?"

Tsofaffin ma ba su goya mata baya ba. Baba Karolis, wanda ya yi rayuwarsa yana tuƙa amalanke, shi ya sa mata suna 'yar sandan tukunya, kuma ƙarƙashin matashinsa ba ya rabuwa da kawum. Duk ranar da ta kama shi yakan ce, "Ke 'yar nan, shekara tamanin ina jiran ranar da zan ci in ƙoshi, sai da ta zo kika tsaya mini a kai. Ƙafar taki ce?"

Takan amsa, "Ba tawa ba ce, Baba, amma ni zan wanke ta."

An yanke ƙafar Baba Karolis ta hagu a shekarar 2010. Ita ta wanke dungulmin har ya warke, shi kuwa bai daina kiranta da sunan ba.

A wannan shekarar ofishin lardi ya yi alkawarin tallafi ga gidajen da suka tsara abincin marasa lafiya. Nandasili ta tsara, ta kai, ta yi ta sintiri a bas. Tallafin ya zo sau ɗaya, aka yi wa jami'in da ke riƙe da maganar canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma ya ce bai san da zancen ba. Da abin da ya zo ta sayi murhu, ta ware masu ciwon da ya tsananta a ɗakin jinya, tana dafa musu nasu dabam, ba a fito da su benci. Kwamiti ya kau da kai muddin masu sadaka ba su yi ƙorafi ba.

Ranar 9 ga Yuni

Shugaban kwamitin a lokacin shi ne Somadasa Abesekara, mai babban kantin kayan gini na garin, kuma ranar ce cikar mahaifiyarsa shekara guda da rasuwa. Ya zo da dangi mota uku, da mai hoto, da akwatunan askirim. Da ya ga benci biyu babu kowa, sai ya nufi ɗakin jinya, ya tarar da Nandasili tsaye a ƙofa. A cikin ɗakin akwai Kaka Asilin, tsohuwar mai saƙar igiya, wadda mikin diddigenta ya fara haɗewa bayan wata huɗu ana fama.

Ya ce, "Sista, mai hoto yana jira. A fito da su."

Ta ce, "Ba za a fito da su ba, Yallaɓai. Ga sauran nan a benci, su ci su yi wa Iya addu'a."

"Sadakar uwata za ki raba biyu? Albashinki daga kantina yake fitowa, ko kin manta?"

"Ban manta ba. Iya ta riga ta tafi, babu abin da zai taɓa ƙafarta. Waɗannan da ransu."

Daga cikin ɗaki Kaka Asilin ta ɗaga murya, "Ke Nanda, ja'ira, in askirim ne ki matsa yaron nan ya shigo!"

Dangi suka fashe da dariya. Abesekara bai yi ba. Ya umarci 'yan matan gidan su ɗauko tsofaffin, suka dubi shugabarsu, babu wadda ta motsa. Aka yi sadakar da benci biyu babu kowa, kuma haka suka fito a hoto.

Kora

Kwamiti ya zauna bayan kwana uku. Babban malamin haikalin garin ya shiga tsakani, aka yanke cewa idan ta kai wa Abesekara damin bulat, ganyen da ake taunawa kamar goro, ta durƙusa, kamar yadda ake neman gafarar babba, ta kuma buɗe ɗakin jinya ga masu sadaka, za ta ci gaba da aikinta. Ta ce durƙusawa ba ta gagare ta ba, ɗakin ne ba za ta buɗe ba. Aka sallame ta bisa laifin rashin ɗa'a, tana da shekara hamsin da biyar, babu kuɗin sallama, aka kuma karɓe ɗakin da ta raini 'ya'yanta a ciki.

Magana ta bazu a gari cewa ita ce matar da ke hana matattu lada. Aka daina gayyatarta sadaka, matan haikali suka daina matsa mata wuri a tabarma. A cikin makon da ta tafi aka mayar da masu ciwon benci. An yanke ƙafar Kaka Asilin a farkon 2013, ta rasu bayan wata biyu.

Shekarun ƙarshe

Babu gidan tsofaffin da ya ɗauke ta a lardin, domin kwamitoci sun san juna. Ta tafi birnin Colombo tana jinyar iyayen masu hali a gidajensu, tana kwana a tabarma kusa da gadon mara lafiya. Shekara bakwai ta yi a haka, daga wannan gida zuwa wancan, duk wanda ta riƙe sai mutuwa ta raba su, har gwiwoyinta suka daina ɗaukarta. A shekarar 2016 ofishin lardi ya aika wa gidaje da ƙa'idar abincin masu ciwon suga, wadda ba ta bambanta da tsarin da ta kai musu ba. An manna takardar a bangon Manelwila. Babu wanda ya neme ta, sadaka kuma ta ci gaba yadda take.

Ta koma Akuressa a 2019, ta zauna a gidan babbar 'yarta. Idan an tayar da zancen Manelwila takan ce ta gaji, a bar maganar. Ba a taɓa jin ta ce da ta sani da ta buɗe ƙofar ba.

Rasuwa

Nandasili Kodikara ta rasu ranar 14 ga watan Maris na 2023 bayan gajeriyar jinya, tana da shekara sittin da biyar. An binne ta a maƙabartar Akuressa kusa da mahaifiyarta. Daga Manelwila babu wanda ya zo. Saƙonnin ta'aziyya da furanni daga Kuwait da Saifurus da Isra'ila suka fito.

Ranar bakwai 'ya'yanta suka kai sadakarta gidan da ya kore ta: jar shinkafa, kifi, miyar wake da kwaɗon ganye. Sun roƙi kada a jera kowa a benci, suka bi tsofaffin da faranti har inda suke zaune. A cikinsu babu wanda ya san ta. Wani dattijo ya cinye nasa tas, ya leƙa kwando yana neman kayan zaƙi, da bai gani ba sai ya ce, "Kai jama'a, wace marowaciya ce ta mutu?" Duk da haka ya ɗaga hannu ya miƙa mata ladan.

Ta bar 'ya'ya uku: Ireshika, malamar firamare a Akuressa, Tarindu, wanda yake aikin masana'anta a Koriya, da Sewwandi, tela a Matara. Ta bar jikoki biyar, babbarsu ta kammala makarantar jinyar da kakarta ba ta samu shiga ba.

Tsayuwar da ta yi a ƙofar ɗakin jinya ta raba ta da aikin shekara goma sha tara, da kuɗin sallamarta, da ɗakinta, da mutuncinta a garin da ta yi wa hidima, ta kuma mayar da ita tabarmar gidan mutane a shekarun da ya kamata ta huta. Ƙafar Kaka Asilin kuwa, wata bakwai kawai ta ƙara a jikinta.